Sayen shaƙƙar da aka karɓe saboda bashi: abin da ake yi kafin a kai ga tayi

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, shekara tara ke nan ina biyan haya, ban taɓa sayen gida ba. Na ga tallar wata shaƙƙa, wato gida ɗaya a cikin bene, mai ɗaki huɗu a unguwar Hamdaniyya, an ce an karɓe ta ne daga hannun mai ita saboda ya kasa biyan bashin banki, kuma kuɗin da aka rubuta a kanta, riyal 380,000, bai kai na makwabtanta ba. Ina da ajiyar riyal 150,000, sauran kuma ina sa ran banki zai cika mini. Nawa ya kamata in taya, kuma ta wace hanya ake tayin?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Tambayarka ta tsaya a kan tayi, amma a irin wannan ciniki tayi shi ne abu na ƙarshe, kuma da zarar ka furta shi bakin alƙalami ya bushe. Na shafe shekaru ina aikin kimanta gidaje a wannan gari, kuma waɗanda na ga sun yi asara a irin wannan saye yawancinsu ba farashi ne ya kayar da su ba. Sun yi tayi ne tun kafin su san wanda yake sayarwa, kafin su tabbatar da kuɗinsu, wasu ma kafin su san ko doka ta ba su damar mallakar gidan.

Abu na farko da za ka gano shi ne a hannun wa shaƙƙar take, domin kalmar "an karɓe" tana ɗauke da abubuwa daban-daban a nan Saudiyya. Bashin sayen gida yakan zo ta hanyar murabaha ko ta hanyar ijara. A murabaha, sakkin gidan, wato takardar mallaka, yana ɗauke da sunan mai saye tun daga ranar farko, sai dai an rubuta jingina a kansa. Idan mutum ya kasa biya, banki ba ya shigowa ya ɗauke gidan ya sayar yadda ya ga dama. Kotun zartar da hukunci yake zuwa, kotu ta ba da umarnin sayarwa, a sayar ta hanyar gwanjo, wanda a nan ake kira mazad. Tun bayan da aka kafa cibiyar Infath a 2019, ita ce take karɓar irin waɗannan kadarori daga kotuna ta miƙa su ga kamfanonin da aka ba izinin gudanar da gwanjo, kuma yawancinsu yanzu ta intanet ake yin su. A ijara kuwa, sakkin yana sunan banki ko kamfanin ba da rance har sai an gama biya, saboda haka idan yarjejeniya ta warware, gidan na kamfanin ne, yana iya sa shi a kasuwa ta hannun dillali, ka yi tayi, ya sallama ko ya ce albarka. Akwai kuma mai gidan da bashi ya sha kansa, yake neman mai saye da kansa kafin kotu ta kai ga gwanjo. Daga yadda ka kwatanta tallar, ina kyautata zaton taka ta kotu ce, kuma idan haka ne, wancan 380,000 da ka gani ba farashin gidan ba ne, wurin da za a soma ɗaga murya ne kawai. Saboda haka zan fi tsayawa a kan gwanjo.

Kafin nan akwai abin da ba ka faɗa mini ba, kuma amsar ta rataya a kansa: ɗan ƙasa ne kai, ko da igama, wato takardar izinin zama, kake zaune? Mu Hausawan Hijaz mun kasu. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan suka zauna, jikokinsu 'yan ƙasa ne cikakku, akwai kuma waɗanda aka haifa a nan amma har gobe igama suke sabuntawa. Idan ɗan ƙasa ne kai, ƙofofi a buɗe suke, har da tallafin Sakani, shirin gidaje na gwamnati, da Asusun Raya Gidaje. Idan mai igama ne, tsohuwar dokar shekarar 2000 ta ba mazauni damar mallakar gidan da zai zauna a ciki bayan ya sami izinin Ma'aikatar Cikin Gida, amma ta hana shi mallaka a cikin iyakokin Makka da Madina. Majalisar Ministoci ta amince da sabuwar doka a watan Yulin 2025 wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta faɗaɗa damar a wasu yankunan da aka keɓe, ta kuma bar Makka da Madina da sharuɗɗa na musamman. Abin da ya shafe ka a nan shi ne ka riƙe tabbacin cancantarka a rubuce kafin ka zuba ko kwabo, ka kuma karanta takardar sharuɗɗan gwanjon ka ga waɗanda aka yarda su shiga. Gwanjo ba ya jiran kowa ya je ya nemo izini.

Dokar zartar da hukunci ta 2012 ta tanadi cewa a sanar da gwanjo kafin ranarsa da abin da bai gaza kwana 15 ba, bai kuma wuce 30 ba. Wannan ɗan lokacin shi ne duk abin da kake da shi na bincike. Za ka yi rajista a dandalin da ake gwanjon ta hanyar Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ka ajiye kuɗin shiga da aka ambata a takardar, wanda ake mayar maka idan ba kai ka ci ba. Idan kuwa kai ka ci, ana neman cikon kuɗin cikin ɗan gajeren wa'adi, a yawancin takardun da suka bi ta hannuna kwana goma na aiki. Wanda ya kasa cikawa, doka ta ce a sake gwanjon a kan wuyansa: idan sabon farashi bai kai nasa ba, shi zai biya giɓin, ya kuma biya kuɗin da aka kashe wajen sake gwanjon. Babu "na fasa", babu "matata ba ta son unguwar", babu "banki ya ce in dawo mako mai zuwa".

A nan ne masu sayen farko suka fi faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ka ce kana sa ran banki. Sa rai ba ya biyan kuɗin gwanjo. Banki yana duba abu biyu, kai da kuma gidan. Game da kai, zai duba tarihin bashinka a SIMAH, kamfanin da ke adana bayanan basussukan mutane, ya duba albashinka, kuma ƙa'idar Babban Bankin Saudiyya ta 2018 ta ce mai samun riyal 15,000 ko ƙasa da haka a wata, duk abin da ake cire masa na basussuka, har da na gida, kada ya wuce kashi 55 cikin ɗari na abin da yake samu, sai wanda yake cikin tallafin gidaje na gwamnati, shi ana iya kai masa 65. Wato mai albashin 9,000 da ba ya cikin tallafi iyakarsa 4,950 a wata, kuma idan yana biyan 1,500 na mota, abin da ya rage wa gida 3,450 ne. Game da gidan kuwa, banki zai turo nasa mai kimantawa, kuma a kan ƙimar da wannan ya rubuta zai ba da rance, ba a kan abin da zafin gwanjo ya kai ka ba. Ɗan ƙasa mai sayen gidan farko ana iya ba shi har kashi 90 cikin ɗari tun daga 2018, amma mai igama ana neman ya zuba kaso mafi girma daga aljihunsa. Sannan duk wannan aiki, daga kimantawa zuwa amincewar ƙarshe zuwa fitar da cak, yana iya cin makonni, alhali kai kwanaki aka ba ka.

Na taɓa ganin wannan da idona. Wani magidanci, malamin makaranta, ya zo ofishinmu da takarda a hannu yana ta juya ta, gumi yana keto masa duk da sanyin na'ura. Ya ci gwanjon wata shaƙƙa kwana huɗu da suka wuce, bisa dogaro da maganar baki da wani ma'aikacin banki ya yi masa cewa "ba matsala". Da mai kimantawa ya je, sai ya rubuta ƙimar da ta gaza abin da ya taya da riyal 40,000, bankin kuma ya ce a kan wannan zai tsaya. Mutumin nan sai da ya sayar da gwal ɗin matarsa, ya bi 'yan'uwa gida-gida daga Jidda har Makka, kafin ya haɗa cikon ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Ya sami gidan, amma ya shige shi da bashi biyu maimakon ɗaya. Saboda haka ka je bankinka tun yau, ka faɗa musu ƙarara cewa gidan gwanjon kotu kake nufi, ka tambaye su ko suna ba da rance a kan irinsa da kuma kwana nawa suke ɗauka, ka karɓi amincewar farko a rubuce. Idan ba su iya yi maka alkawarin lokaci ba, ka ɗauka cewa kuɗin da ke hannunka ne kaɗai kake da shi.

Sai gidan kansa. Ana sayar da shi ne a yadda yake, kuma shigarka gwanjo ana ɗaukarta a matsayin shaidar cewa ka gani ka yarda. Ba a cinikin biri a sama, don haka ranar da aka ware don dubawa ka bar duk abin da kake yi ka je, kuma kada ka je kai kaɗai. Ka ɗauki injiniya ko gogaggen ma'aikacin gini, ka biya shi. Mutumin da ya shekara biyu ko uku yana fama da bashi ba ya gyaran famfo, kuma wani idan zai fita yakan kwashe duk abin da yake ciruwa. Na shiga wata shaƙƙa a hawa na ƙarshe na wani bene, hotunanta a talla fes, amma da aka buɗe ƙofa warin danshi ne ya tare mu. An cire na'urorin sanyaya ɗaki an bar ramukansu tattabaru suna shiga, an kwance kantocin kicin har da tukunyar ɗumama ruwa, kuma a silin ɗin banɗaki akwai tabo mai launin ganyen shayi, faɗinsa kamar faifai, wanda ya nuna cewa tankin da ke kan rufi ya daɗe yana yoyo. Fenti da kantoci ƙananan abubuwa ne, kuɗinsu sananne ne. Abin tsoro shi ne ruwa a cikin bango, da tsatsar ƙarfen rodi, da tsagewar da ta bi ginshiƙi, domin waɗannan a bene ba naka ba ne kai kaɗai, kuma ba ka iya gyara su kai kaɗai. Jidda gari ne na danshi da gishiri, kuma duk wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 da ta Nuwamban 2022 ya san cewa sai an tambayi ina ruwa yake bi a unguwa idan an yi sama, musamman ga hawa na ƙasa da wurin ajiye motoci.

Kada ka raina mai gadin benen. Ka gaishe shi da kyau, ka zauna da shi minti goma, zai gaya maka abin da babu shi a kowace takarda: ko ruwan gwamnati yana zuwa ko sai an sayo a tankar wayit, ko lif yana aiki, ko makwabta suna biyan kuɗin hidima, ko akwai mutane a cikin shaƙƙar har yanzu. Wannan na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Idan ɗan haya ne mai yarjejeniya a Ejar, rajistar haya ta gwamnati, sayar da gida ba ya korarsa, za ka jira wa'adinsa ya cika, kai kuma kana can kana biyan taka hayar. Idan tsohon mai gidan ne da iyalinsa, fitarsu ta hannun kotu take bi, kuma tana ɗaukar lokaci. Ba kai za ka je ka buga musu ƙofa da faɗa ba, doka ba ta ba ka wannan ba, mutunci ma bai ba ka ba.

Ta fuskar takardu, gwanjon kotu yana da wata fa'ida babba da ya kamata in faɗa don adalci: hukuncin da ya tabbatar maka da cin gwanjo yana wanke gidan daga haƙƙoƙin masu bin tsohon mai shi bashi, su sai su bi kuɗin da ka biya. Duk da haka ka tabbatar cewa shaƙƙar tana da sakkinta na kanta, wato an yi wa benen farzu an raba kowace shaƙƙa da lambarta da faɗinta, ba wani kaso ba ne a cikin sakkin da ya haɗa mutane da yawa, domin a gwanjon rabon gado da na bashi akan sayar da kaso, mutum ya zaci gida ya saya. Ka gwada faɗin da ke sakki da wanda ke talla. Ka ga ko tana da mitar wuta tata, ko wurin mota da ɗakin direba suna cikin abin da aka rubuta, sannan ka tambayi ƙungiyar masu benen, wadda ake rajistarta a tsarin Mullak, ko akwai kuɗin hidima da ya taru a kanta, ka nemi wakilin sayarwa ya gaya maka a rubuce wanda zai biya shi.

Yanzu sai mu zo ga tambayarka, nawa za ka taya. Ba daga 380,000 za ka fara lissafi ba, kuma ba daga farashin da masu talla suke rubutawa ba, domin abin da mutum ya nema daban, abin da aka biya shi daban. Ka shiga dandalin Bursa Aƙariyya na Ma'aikatar Shari'a, wanda aka buɗe a 2023, ka duba cinikin da aka riga aka kammala a wannan unguwa cikin watannin baya, ka fitar da kuɗin mita ɗaya na shaƙƙoƙi masu shekaru irin nata. In kana da hali, ka biya mai kimantawa da ke da lasisin Taqeem, hukumar masu kimanta kadara, ya rubuta maka rahoto. Bari in yi maka misali da alƙaluman da na ƙaddara, kai sai ka sa na gaskiya a gurbinsu. A ce irinta mai lafiya tana tashi 480,000. Ka cire 35,000 na gyara, ka cire 10,000 na hayar da za ka ci gaba da biya kafin ka tare, ka cire wasu 25,000 saboda abin da ido bai gani ba, tun da ba ka da wanda za ka koma wa idan aibi ya fito. Abin da ya rage 410,000 ne, kuma wannan ne iyakarka.

Sannan ka gwada wannan iyaka da aljihunka. Harajin cinikin ƙasa da gidaje, wanda aka fara a Oktoban 2020, kashi 5 cikin ɗari ne. A doka yana wuyan mai sayarwa, amma a aikace sharuɗɗan gwanjo kan ɗora shi a kan mai saye, wato 20,500. La'ada, wadda a nan ake ce wa sa'ayi, kashi biyu da rabi ce, wato 10,250, kuma a kanta akwai harajin kashi 15, kimanin 1,538. Idan ka haɗa waɗannan da kuɗin gyara da na haya, sama da 77,000 sun fita daga ajiyarka tun ba ka biya komai daga kuɗin gidan ba, abin da ya rage maka na zubin farko bai kai 73,000 ba, banki kuma sai ya kawo kusan 337,000. Ka ga 150,000 ɗin nan ba ta da yawan da take da shi a ido. Idan ɗan ƙasa ne kai, gwamnati tana ɗauke wa mai sayen gidan farko harajin har zuwa ƙimar riyal miliyan ɗaya, saboda haka ka ciro takardar shaidar tun kafin ranar gwanjo, ka nuna wa wakilin sayarwa.

Wannan adadi ka rubuta shi a takarda ka ajiye a gabanka, kuma ina ba ka shawarar ka zauna da wani babba da kake jin nauyinsa a lokacin gwanjon. Ba wasa nake yi ba. A mintunan ƙarshe, agogo yana gudu, kowane sabon tayi yana ƙara lokaci a yawancin dandamali, sai zuciya ta riƙa raya maka cewa ai dubu biyar ce kawai. Waɗanda kake gogayya da su da yawansu 'yan kasuwa ne masu kuɗi a hannu, sun yi irin wannan lissafi, kuma idan ya wuce iyakarsu tashi suke yi ba tare da wani ɓacin rai ba. Wanda ya riga ya zaɓa wa 'ya'yansa ɗaki a zuciyarsa shi ne yake ci gaba da dannawa. Ka kuma sani cewa gwanjon yana iya tsayawa idan mai bashin ya biya abin da ake binsa kafin a tabbatar da sayarwa, don haka kada ka sanar da mai gidan hayarka cewa za ka tashi sai sakki ya koma sunanka.

Idan kuma ya bayyana cewa ba ta kotu ba ce, kamfanin rance ne yake sayarwa ta hannun dillali, to a nan kana da sararin ciniki irin wanda muka saba. Ka tabbatar dillalin yana da lasisin dillanci da ake kira Fal, na Hukumar Kula da Gidaje. Ka rubuta tayinka, ka haɗa shi da takardar amincewar banki da rahoton injiniya, domin kamfani ba ya jin roƙo ko labarin shekarun da ka yi a haya, abin da yake so shi ne mai sayen da ba zai ɓata masa lokaci ba, kuma sau da yawa tabbacin biya yana rinjayar tayin da ya fi naka da kaɗan. Ka fara ƙasa da iyakarka ka bar wa kanka wurin ƙari, ka sa wa tayin wa'adi, ka kuma rubuta sharaɗin cewa za a mayar maka da kafin alƙalaminka idan banki ya ƙi ko aka sami matsala a sakki. Dokar dillancin gidaje ta 2022 ta iyakance kafin alƙalami, wato arbun, ga kashi 5 cikin ɗari na farashi. Idan kuwa mai bashin ne da kansa yake sayarwa, kada kuɗi ya shiga hannunsa kai tsaye. Kason banki ya tafi banki da cak mai sunansa, a warware jinginar, a mayar da sakki, duk a zama ɗaya.

Na san wasu daga cikinmu suna jin wani iri game da sayen gidan da aka fitar da wani daga ciki, kuma wannan kunya ce mai kyau. Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, sun halatta wa alƙali sayar da dukiyar wanda bashi ya fi ƙarfinsa don a biya masu haƙƙi, sun kuma halatta cinikin wa-zai-ƙara. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, haka nan haɗa baki da sauran masu tayi don a danne farashi zalunci ne ga mai gidan, domin duk abin da ya ragu bayan an biya bashi nasa ne.

A halin da ka bayyana, inda fiye da rabin kuɗin daga banki zai fito kuma ba ka riga ka yi magana da su ba, ra'ayina shi ne kada ka zuba kuɗin shiga wannan gwanjon sai takardar banki tana hannunka kuma sun yarda da wa'adin. Idan ba ta fito ba kafin ranar, ka je dubawar duk da haka tare da injiniyanka, ka yi lissafinka kamar da gaske za ka saya, sannan ka bibiyi gwanjon ka ga inda farashin ya tsaya, ka gwada shi da adadin da ka rubuta. Infath tana fitar da jadawalin sababbin gwanjo a shafinta a kai a kai, kuma shaƙƙoƙin Jidda ba sa yankewa a ciki.